Cajin Kwana Ashirin da Ɗaya

Mijin yayata ba injiniya ba ne. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin duk layinmu Injiniya ake kiransa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Shekara ashirin da biyar ya yi yana gadin ƙofar wani kamfanin haɗa injina, yana ɗaga ƙarfe motoci su shiga, yana saukewa in sun wuce. In ka tambaye shi inda ya yi karatu sai ya gyara hula ya ce, "Duk ilimin da ya shiga kamfanin nan ta gabana ya wuce, kuma sai da ya gaishe ni." Shagon askina yana kallon ƙofar gidansu, saboda haka abin da zan ba ku ba ji na yi ba. Gani na yi, wani ma shaƙa na yi.

Yaya ta daɗe da burin kiwon kaji. Da ta ajiye aikin shara a asibiti sai ta sayi injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai sittin, ta samo ƙwan wasu kaji masu kyan iri daga wata gona mai nisa. Wata huɗu ta yi tana jira kafin layi ya zo kanta. Ranar da aka kawo su, da hannunta ta jera su ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa kowanne alama da fensir, tana murmushi ita kaɗai. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba.

Matsalar ɗaya ce. Ƙwai yana son ɗumi kwana ashirin da ɗaya ba yankewa, wutar unguwarmu kuwa leƙowa take yi ta koma. Don haka Yaya ta sayi manyan batura biyu irin na babbar mota, masu murfi shida-shida a sama. Mai Batir, wani dattijo da shagonsa ke bakin titi, shi ya kawo su ya haɗa a sito, tare da wata 'yar caja da ba ta wuce tafin hannu biyu ba.

Ya ce, "Malama, in an ɗauke wuta injin zai koma kan batir da kansa. Ita kuma 'yar cajar nan ta san aikinta. In batir na shan wuta za ta nuna ja. In ya ƙoshi za ta nuna kore, ta sassauta da kanta. Ki bar taga a buɗe. Waɗannan 'yan hudojin da ke jikin murfi kada a toshe su, ta nan yake numfashi. Shi ke nan."

Injiniya yana jingine da ƙofa, hannu a baya, yana ta gyaɗa kai irin na wanda ke jin karatun da ya wuce tun yana yaro. Mai Batir na fita sai Injiniya ya yi tsaki.

"Caja mai hutawa! Kin ji fa. Ma'aikaciyar da ke tashi aiki tun ba a tashe ta ba."

Yaya ta ce, "Malam, cewa ya yi in batir ya cika."

"Wa ya ce miki batir na cika? Batir kamar buhun auduga ne. Kin ga ya cika, ki danna da ƙafa, ki ƙara. Masu sayarwa ne ba sa son a gane, don a riƙa komawa wurinsu."

Washegari Injiniya ya dawo da mai baro a bayansa, ɗauke da wata tsohuwar caja da ya tono a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Girmanta ya kai akwatin tufafi, tana da allura ɗaya a gaba mai rawa, in aka kunna ta sai ta kama gurnani. Ya shafa ta ya ce da ni, "Mai Aski, dubi 'yar halak. Ba ja, ba kore, ba ta san gajiya ba."

Nan ya bayyana mana shirinsa. Zai ɗura wa baturan caji kwana ashirin da ɗaya cur, ba dare ba rana. Ranar da ƙwai zai ƙyanƙyashe, ranar zai haska layinmu gaba ɗaya, fitila a kowace ƙofa, kuma wutar da ya tara za ta kai shekara. Don kada a taɓa ajiyar, ya cire wayar da ta haɗa injin ƙyanƙyasa da batir. Ya je ya aro janareta wurin Mai Walda, in an ɗauke wuta ya tayar, janareta ya riƙe injin ya kuma ci gaba da ɗura wa batir.

Na ce, "Wato an sayo batir don ya taimaki injin, yanzu an aro janareta don ya taimaki batir?"

Ya ce, "Kai dai tsaya a kan gashi. Abin da ke ƙarƙashin gashi ka bar wa masu shi."

Yaya ta yi faɗa har ta gaji. A ƙarshe ta ce sharaɗinta ɗaya, kada fitilar injin ta mutu ko na minti guda. Ya dafa ƙirji ya yi alkawari.

Kwana uku, batura suka ɗauki zafi, in ka kasa kunne kana jin ruwan ciki yana ɓararraka. Injiniya ya ce narkar da wutar suke yi. Kwana biyar, wani wari ya fara fitowa ta tagar sito, warin ruɓaɓɓen ƙwai sak. Wanda nake yi wa aski ya ɗago kai ya dube ni, ni ma na dube shi, kowa na zargin ɗan'uwansa.

Injiniya bai yi wata-wata ba. Ya ce, "An cuce ki a gonar nan. Akwai ɓatattu a ciki." Ya buɗe injin, ya riƙa ɗaukar ƙwai yana kai wa hanci, yana lumshe ido. "Wannan lafiya. Wannan ya mutu. Wannan yana da niyya." Sha biyu ya ware. Yaya ta tsaya tana kallon alamar fensirinta a jikinsu, idonta ya cika da ƙwalla, ta zuba su a kwano ta miƙo mini ta ce in kai bola, ita ba za ta iya ba.

A hanya na gamu da Gwaggo, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, wadda kajinta sun fi mutanen gidanta yawa. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta shinshina, ta dunƙule hannu ta ɗaga shi saitin rana ta leƙa.

"Wa ya ce wannan ya ɓaci?"

"Injiniya."

"To lafiyarsa lau ke nan. Kawo, ina da kaza mai kwanci." Ta juye su a gefen zaninta. "Kada ka faɗa wa yayarka tukuna, kada mu sa mata rai su ƙi fashewa. Shi kuwa in ya ji, kajina zai zo ya ce zai sa wa caji."

Ana haka sai aka bugo waya cewa 'yar Yaya ta haihu a wani gari, kuma haihuwar ta zo da wahala. Dole Yaya ta tafi. Har ta shiga mota tana leƙowa ta taga tana cewa, "Malam, fitilar injin!" Shi kuma yana ɗaga mata hannu yana cewa ta tafi da kwanciyar hankali, ƙwai yana hannun ƙwararru.

Warin bai tafi ba, ƙaruwa ya yi. Kwana tara ya ware sha huɗu. Kwana sha uku ya ware goma. Duk ni ake ba wa in kai bola, duk kuma bolar tana bayan ɗakin Gwaggo. Kajinta uku suka cika, har sai da ta haɗa da wata agwagwa da ba ta ji ba ba ta gani ba.

A tsakanin nan ruwan batir ya riƙa kumfa yana fitowa ta murfi, Injiniya yana gogewa da hannun riga. In ruwan ya ja baya sai ya ce ƙishirwa ce, ya ɗebo na famfo ya ƙara. Ranar da Mai Wanki ya kawo masa kayansa, rigunansa uku duk hannuwansu sun zama rariya. A ƙofar shagona aka yi shari'ar.

"Me ka sa wa kayana?"

"Sabulu, Injiniya."

"Sabulu ne zai ci riga haka?"

"Nawa dai ba shi da haƙori. Kayan mutum ashirin na wanke a ruwa ɗaya, naka kaɗai aka ci. Kuma hannu kawai aka ci, an bar wuya. Ko ɓera ba ya zaɓe irin wannan."

"Zan kai rigar a auna ta a kamfani."

"Ka kai hannunka a auna, can matsalar take."

Da abin ya ishe ni sai na je na faɗa wa Mai Batir. Dattijon nan ya ajiye abin da ke hannunsa, ya biyo ni da sauri. Tun daga bakin layi ya ja hanci ya ce, "Wannan ba ƙwai ba ne. Batir ne ake dafawa."

Amma fa akwai aiki ɗaya a duniya da Injiniya ya iya da gaske, shi ne tsare ƙofa. Ya tsaya a bakin zaure, ƙafa a ware, ya miƙa hannu ɗaya a gicciye.

"Kana da izinin shiga?"

"Bawan Allah, ka kashe cajar nan. Ruwan ciki yana tafasa, iskar da yake fitarwa ko ƙyastu ɗaya ta samu sai ta kama. Gefensa bai fara kumbura ba?"

"Ya yi ƙiba dai, alhamdu lillahi. Wanda ake ciyarwa kwana sha biyar ai dole a gani a jikinsa."

"Ba ƙiba ba ce, mutuwa yake yi."

"Na san ciwonka. In layin nan ya samu wutar shekara, wa zai ƙara zuwa shagonka? Sauka lafiya."

Mai Batir ya dube ni ya ce, "Ranar da zai yi bikin nasa ka ajiye bokitin ruwa kusa. Uku ma." Ya juya ya tafi.

Na buga wa Yaya waya zan faɗa mata, sai na ji muryarta a gajiye, jariri na kuka a gefe, ta ce 'yarta har yanzu ba ta miƙe ba. Ta tambaye ni ko fitilar injin na ci. Na ce tana ci. Gaskiya na faɗa, amma har yau in na tuna sai in ji kunya.

Maƙwabta suka fara toshe hanci in za su wuce. Mai kanti ya ce masu saye sun daina tsayawa. Masu zuwa aski suka koma cewa in rage kawai, ba sai na gyara gefe ba. Injiniya ya magance koken jama'a cikin minti biyar: ya rufe tagar sito, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Ranar kwana ashirin kuma ya kasa kunne ya ji murafen suna huci, ya fito a firgice.

"Mai Aski, ashe sata ake mini! Wutar da nake tarawa tana zurarewa ta hudojin nan. Shi ya sa tsohon nan ya ce kada a toshe!"

Ya sayo gam da salatif, ya bi murfi sha biyun nan ya liƙe su tsaf, ya naɗe kamar mai ɗaurin karaya.

Ranar ashirin da ɗaya tun da safe aka ɗauke wuta. Sai ga Mai Walda ya zo karɓar janaretansa, ya ce yana da ƙofar da zai haɗa, kuma injin nasa ya yi sati uku yana kuka ba hutu. Injiniya ya yi dariya.

"Ɗauki abinka. Daga yau janareta ya zama tarihi a layin nan. Ara mini tabaran waldarka dai, aikin yau na manya ne."

Na ce, "To injin ƙyanƙyasa fa? Mai da masa wayar batir mana."

"Sai an buɗe a gaban jama'a. Ba za a fara cin abincin biki a kicin ba. Ƙwan da ya sha ɗumi kwana ashirin, 'yan awoyi ba za su kashe shi ba."

Sannan ya dubi babbar rigata da ke rataye a shago, fara, sau biyu kawai na taɓa sa ta. Ya ce nasa duk Mai Wanki ya cinye. Na ba shi, kuma wannan wautar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba.

Da la'asar layi ya cika. An ja waya daga ƙofa zuwa ƙofa, an rataya fitilu goma sha takwas. An fito da benci. An turo baturan a baro aka ɗora kan tebur, cikinsu ya turo gaba da baya, zafinsu har yana dukan fuska. Mai Batir yana can gefe a tsaye, hannu a ƙirji. Ni ina kusa da bokitaina uku.

Injiniya ya hau kan kujera cikin rigata, baƙin tabaran walda a ido. Ya fara da tarihin lantarki, ya gangaro kan shekarunsa a kamfani, ya yafe wa maƙiya. Yana cikin yafewar mota ta tsaya, Yaya ta sauko da jakarta. Ba ta kalli taron ba, kai tsaye ta shige sito. Sai ga ta ta fito tana tari, fuskarta ta sauya.

"Malam, fitilar injin a mace take. Injin ya yi sanyi. Kuma ina sauran ƙwaina? Ashirin da huɗu na gani."

"Kwantar da hankalinki, kin zo a daidai. Yanzu za ki ga wuta har ki gaji."

Ya sauko ya maƙala waya a batir na farko. Fitilu sha takwas suka yi ja-ja kamar bakin sigari, suka yi ƙifta ɗaya, suka mutu. Wani daga baya ya ce, "Shekarar ta ƙare ke nan?" Aka bushe da dariya.

"Wannan gwaji ne. Ainihin ajiyar tana cikin na biyu. Ku matsa ku ga tartsatsi."

Mai Batir ya ɗaga murya ya ce, "Kada ka ƙyasta! Jama'a, ku ja baya!"

Jama'a suka ja baya. Injiniya ya matsa gaba. Ya kama waya ya goga a kan batir don ya nuna mana ƙarfinsa.

Ƙarar da ta tashi sai da tantabarun layin suka watse. Murafe suka yi sama da salatif ɗinsu, ɗaya ya faɗo kan rufin shagona, ɗaya har yau ba a gan shi ba. Batir ya tsage biyu, baƙin ruwa ya fallatsa. Benci ya kife da mutum huɗu. Mai kanti, wanda ya shekara yana cewa gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, shi ya fara isa bakin titi.

Mai Batir ya fizgi bokiti ya sheƙa wa Injiniya daga kai har ƙafa. Ya ƙara na biyu. Ya tuɓe masa rigar ya jefar, ya dudduba fuskarsa da hannuwansa, ya ce tabaran nan ne ya cece shi, ba abin da ya same shi. Sannan ya ɗauki bokiti na uku ya sheƙa masa. Biyun farko na san don ruwan batir ne. Na ukun ban tambaya ba.

Sai warin ya lulluɓe layin, wannan warin dai da muka sha sati biyu muna shaƙa. Ga shi a fili yana tashi daga tsagaggen batir, babu ƙwai ko ɗaya a kusa. Dariya ta tsaya. Yaya ta dubi batir, ta dubi mijinta da ke tsaye cikin singileti ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Ta ce a hankali, "Ashe lafiyarsu lau. Wata huɗu na jira su, Malam. Lafiyarsu lau ka sa aka zubar."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta zauna a bakin dakali ta rufe fuska da mayafi.

Mai Batir ya ruga shagonsa ya ɗauko wani ƙaramin tsohon batir, ya buɗe tagar sito, ya haɗa wa injin. Fitila ta kama. Ya ce a yi addu'a, amma sanyi da wannan iska sun daɗe a kan ƙwan. Cikin ashirin da huɗun da Injiniya ya ce su ne lafiyayyu, biyar kawai suka fito daga baya.

Ni kuwa na tsallaka gidan Gwaggo. Na same ta tana jirana da kwali a hannu, an huda masa 'yan ƙofofi. Ta ratso taron a hankali, ta ajiye kwalin a cinyar Yaya, ta buɗe. Kuka ya tashi, tsiyau-tsiyau, 'yan tsaki ashirin da tara suna tattaka juna, ɗaya ma da guntun ɓawo manne a bayansa, alamar fensir a jiki.

Gwaggo ta ce, "Ga ruɓaɓɓunki nan, 'yata. Tun jiya suke fitowa. Na agwagwa ne kawai suka ɗan makara."

Yaya ta sa hannu biyu cikin kwalin, tana kuka tana dariya. Mutanen da suka gudu suka dawo suna leƙe. Ni ma sai da na juya na goge ido, na ce warin ne.

Sai muka ji gyaran murya. Injiniya ya ture tabarau zuwa goshi, ya leƙa kwalin, ya miƙe tsaye yana ɗiga.

"To kun gani? Ashirin da tara cikin talatin da shida! Wa ya zaɓo su? Hancin nan. Da gangan na ware masu ƙarfin na tura su reno na musamman, domin a ilimin kamfani akwai abin da ake kira raba haɗari. Batun batir kuwa, ƙaramin kuskure ne na lissafi. Da salatif ɗin ya kai ninki uku..."

Yaya ta miƙa wa Gwaggo kwalin, ta tashi ta shiga gida. Ta fito da 'yar cajar Mai Batir, wadda ta tono a ƙarƙashin gado inda ya ɓoye ta, ta damƙa masa a hannu a gaban kowa.

"Malam, tunda kana son aiki, ga aiki. In na sake sayen batir, kai ne mai gadin wannan. In ta nuna ja, ka zauna ka kalle ta."

"In ta nuna kore fa?"

"Ka ci gaba da zama."

"Amma ai a matsayina na..."

"Malam," in ji Yaya, "ta nuna kore."

Layi kuwa ya ɗauki maganar. Yanzu ko a shagona ya fara ba da labarin kamfani, da zarar ya wuce minti biyar sai wani daga kan benci ya ce, "Injiniya, ta nuna kore." Kajin Yaya sun girma, sun cika tsakar gida, har sun fara ƙwai. Rigata kuwa tana nan na ajiye, duk ta zama huda. Da ita nake kakkaɓe wa Injiniya gashi in ya zo aski, kuma bai taɓa tambayata dalili ba.